Ga ɗalibanmu masu shirin zuwa Pamplona

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Madrid ya ɗora hoto a WhatsApp: farar riga, farin wando, jan ƙyalle a wuya. Na gane kayan nan take. Da na kira shi sai ya yi dariya, ya ce, "Kawu, ai an ce kai ma ka yi." Na yi ɗin, shi ya sa na kasa barci har sai da na zauna na rubuta wannan.

San Fermin ake ce wa bikin, a garin Pamplona da ke yankin Navarra a arewacin Sifaniya, daga 6 zuwa 14 ga Yuli. Daga ranar 7, kullum ƙarfe takwas na safe ana harba roka, a saki bijimai shida tare da wasu dandaƙaƙƙun shanu masu yi musu jagora. Su ratsa lungunan tsohon gari, tafiyar kimanin mita 850, mutane na gudu a gabansu, har filin da za a kashe bijiman da yamma. Minti biyu zuwa uku an gama. Kowane bijimi ya kai kilo 500, wani ma ya haura 600.

A Zaragoza nake karatu lokacin. Ba na shan giya, ba na zuwa gidan rawa, saboda haka 'yan ajinmu suna girmama ni, amma daga nesa. In an tashi daga aji kowa ya kama abokansa, ni in koma ɗaki. Ranar da suka ce in biyo su Pamplona ita ce rana ta farko da aka lissafa da ni, kuma na amsa tun kafin su rufe baki. Wanda bai taɓa zama a ƙasar da ba mai yi masa sallama ba, kada ya yi saurin yanke mini hukunci. Har bugun ƙirji na yi a cikin mota, na ce musu mu ma muna da hawan ƙaho. Alhali na san hawan ƙaho na 'ya'yan mahauta ne da suka gaji abin, kuma san yana ɗaure da igiya, ƙarti na riƙe da shi. Ni ɗan malamin makaranta ne, ban san halin sa ba.

Muka tsaya a hawan Santo Domingo, kusa da inda ake buɗe garken. Daga baya na gane a nan bijiman suka fi gudu, domin ba su gaji ba tukuna. Akwai mutum-mutumin San Fermin, waliyyin Kiristocin da ake bikin da sunansa, a wani gurbi jikin bango, masu gudu suna ɗaga naɗaɗɗiyar jarida suna rera masa waƙar neman kariya har sau uku. Ban rera ba. Da wannan nake lallashin zuciyata har yau, amma a cikin sahunsu nake, da jan ƙyallena a wuya, ga warin giyar daren jiya ta ko'ina, kuma asuba ta wuce ni a kan titi.

Bijimi bai taɓa ni ba. Mutane ne suka ture ni na faɗi, suka bi ta kaina, na ji ƙarar kofato a kan duwatsun titi dab da kunnena. Na karye a wuyan hannun dama. Aikin ɗakin gwaji da ya kamata in kammala a wannan bazarar ya tsaya, karatuna ya ja baya. Ba zan ɓoye muku ba, a 'yan daƙiƙun nan na ji wani abu da ban taɓa ji ba, kuma daga ranar 'yan ajinmu suka ɗauke ni nasu. Wani lokaci har ina cewa ai ba asara na yi gaba ɗaya ba. Sai in tuna Inna. Gonarta ta sayar aka cika kuɗin jirgina. Na ce mata a matakalar bene na zame, ta yi ta sadakar ƙosai tana godiya ga Allah da abin ya tsaya a hannu. Har ta koma ga Mahaliccinta ban gaya mata gaskiya ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma na duba na ga ba su da yawa. Kada ku shiga. Mutum 16 suka mutu a gudun nan tun daga 1910, na ƙarshe a 2009, kuma ɗan ƙasar ne da ya saba zuwa. Allah Ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka, kun haddace ayar tun kuna Islamiyya. Kuma bijiman da kuke murnar gudu a gabansu, da yamma sokarsu ake yi ana tafi har su faɗi. Mu da aka koya mana wasa wuƙa don kada dabba ta wahala, me ya kai mu?

Abin da ke ƙona mini rai da ku 'yan yanzu, ni ko ba komai kaɗaici ya kai ni, ku kuwa bidiyon TikTok kuke nema. An haramta ɗaukar hoto a cikin gudun, 'yan sanda na cin tara, duk da haka za ka ga yaro ya ɗaga waya yana kallon fuskarsa, ƙaho na bayansa. Kuna da iyayenku a waya dare da rana, wane kaɗaici?

Ku yi abota da mutanen ƙasar, ku shiga cikinsu, kada ku kulle kanku a ɗaki kamar yadda na yi, domin kullen ne ya jefa ni. In son gani ya dame ku, gidan talabijin na Sifaniya yana nunawa kai tsaye kowace safiya, ko ku biya kuɗin baranda a titin Estafeta da bijiman ke bi. A'a, barandar ma ku bar ta, wanda ya isa garin da wuya ya tsaya a sama.

Na san wani cikinku zai karanta ya tafi duk da haka. To, ka yi barci a daren, kada ka tsaya a Santo Domingo ko kwanar Estafeta inda bijimai ke zamewa su bugi shinge. In ka faɗi, ka kwanta, ka rufe kanka da hannuwa har sai an taɓa ka an ce sun wuce. A 1995 wani Ba'amurke ɗan shekara 22 ya faɗi, ya yunƙura ya tashi, bijimi ya soke shi, ya mutu.