Kafin Yaro Ya Tafi Atisaye: Abin da Iyayen Ɗaliban Jinya na Soja Suka Koya

Mu iyaye a nan Kebbi, idan ɗa ko 'ya ta samu gurbi a makarantar jinya ta soja, irin ta sojan ƙasa da ke Yaba a Legas ko ta sojan sama da ke Kaduna, bindiga da tsawar saje muke fara tunani. Amma abin da ya fi kwantar da ɗalibi lokacin atisaye shi ne ciwon ƙafa, sai zazzaɓi, sai cutar da aka ɓoye tun daga gida.

Sabon but, wato takalmin soja, yana cin dunduniya. Idan yaro ya samu nasa da wuri, ya riƙa sawa awa ɗaya ko biyu kullum na kamar mako 2 har fatar ta yi laushi. Safa ta kai ƙafa 6, kuma kada ta zama ta auduga zalla, domin auduga tana riƙe gumi, jiƙaƙƙiyar fata kuwa ita ce ke yin bororo. Inda takalmi ya fara goga, a manna filasta tun wurin yana ja, kafin ya ɗuri ruwa. In ya riga ya tashi, ba a ɓare fatar sama. A damina sai an ƙara da hoda da shanya tsakanin yatsu kowane dare, in ba haka ba ƙaiƙayi ya kama.

Ɗan Argungu ko Jega yana ganin ya san rana, tunda a Afrilu zafinmu yana haura digiri 40. Sai dai namu busasshe ne. A Legas iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, kuma sabawa tana cin mako ɗaya zuwa biyu. Ya tafi da ƙunshin gishiri da sukari na kemis, wanda ake jiƙawa a sha don mayar da ruwan jiki. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Iyaye mata kan cusa ibuprofen ko diclofenac a jaka saboda ciwon jiki, alhali shan su cikin ƙishirwa da gajiya yana taɓa ƙoda. Fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan gudu? Wannan na asibiti ne a ranar.

Babban kuskure shi ne ɓoye lalura don kada a sallami yaro. Asma, farfaɗiya, ko jinin AS (wanda ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya kawai), duk likitan makaranta ya sani. Mai AS lafiyarsa lau a gida, amma gudu mai tsanani cikin zafi ba tare da ruwa ba yana iya kayar da shi farat ɗaya. Ɗalibin jinya kuma zai taɓa allura da jini, saboda haka rigakafin ciwon hanta nau'in B ya zama dole: allura 3 ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Wanda ya fara ana gobe tafiya ya makara.

Gidan sauro mai magani ya shiga jaka. Zazzaɓi ya zo, a yi gwaji, in na cizon sauro ne a sha maganin kwana 3 har ƙarshe ko da jiki ya warware a rana ta biyu.

Waya takan yi shiru kwana da kwanaki, kada hankali ya tashi. 'Yan damfara sun san da wannan shirun: sai a kira uba, wai ofisa ne, yaro yana kwance a turo kuɗi. A karɓi lambar ofishin makaranta tun ranar rajista, ita za a kira kafin a tura ko sisi. Hoton yaro cikin kaki kuma ba na Facebook ba ne. Ranar dawowa ya sa kayan gida, kakin yana can ƙasan jaka, ya kama motar asuba yadda zai wuce Kontagora da Yawuri da sauran rana.