Takardar Da Na Kai Sakkwato a Aljihu

Ranar Ista ta 2023, wato 9 ga Afrilu, mutum shida na yi wa wa'azin tashin Almasihu daga matattu. Shida, har da matata. Ikilisiyar da a da sai yara sun zauna kan tabarma don benci ba ya isa, 'yan bindiga sun tarwatsa ta, kowa ya kwashi iyalinsa ya yi gari. Da daddare na rubuta takardar ajiye aikin bishara na sa a aljihun riga. Matata ba ta ce kada in yi ba. Cewa ta yi, tunda mahaifina ba ya raye, in je Sakkwato in faɗa wa ƙanwarsa tukuna.

Talata da sassafe na hau mota a Funtuwa. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, kaya har saman but. Lokacin azumin Ramadan ne, duk motar ni kaɗai ne ba mai azumi ba, don haka ruwan da na saya ya kwana cikin jaka, kunya ta hana ni sha. Da muka doshi Tsafe hira ta mutu murus. Direba ya kashe rediyo, ya kafa ido kan motocin da ke tahowa daga gaba, domin a wannan hanya in ka ga titi ya yi tsit ba alheri ba ne. Dattijon da ke gefena yana jan carbi. Ni da ake kira Malam, na buɗe baki zan yi addu'a na rasa ta inda zan fara.

Gusau muka sauya mota. Daga nan kimanin kilomita 200 ne, ta Bunguɗu, Maru, Talata Mafara, sai Tureta. Duk ƙasar nan jihar Sakkwato ce kafin a cire Zamfara a 1996, shi ya sa bakin mutane ke sauyawa tun kafin ka ga allon iyaka, ana "mi ya hwaru" da "wanga". Zafi kuwa, wanda bai zo Sakkwato a Afrilu ba bai san bazara ba. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa.

A ƙasar Dange-Shuni muka wuce Amanawa, sai na leƙa. Nan mishan na SIM, wata ƙungiyar masu bishara, suka kafa wurin jinyar kutare tun zamanin Turawa, nan kuma aka kawo Gwaggo tana yarinya, bayan dangi sun ware mata ƙwarya da tabarma. A zamaninta ƙwaya guda ake sha, dafson, shekara da shekaru. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, abin da ya sa yau ake warkewa kafin cutar ta ci gaɓa. Ita kam ta riga ta ci mata yatsu bakwai.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni Mabera wajen la'asar. Na same ta a tsakar gida tana damun fura. Ban taɓa tsayawa na kalli yadda take yi ba sai ranar. Ƙwaryar tana matse tsakanin gwiwoyinta, ludayin tana riƙe da shi tsakanin babban yatsa da dungulmin tafin hannu, ɗaya hannun yana danna gindinsa. Tana murzawa a hankali har gudajin su baje, ko ɗigo bai zuba ba.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, magana ce ta kawo ni."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wagga rama hwa? Ba ni jin komi sai ka sha."

Na sha. Na sake buɗe baki ta nuna mini tabarma gindin dalbejiya. Ban farka ba sai da aka kira magariba, 'yar maƙwabta tana sallama da kwanon ƙosai da kunun tsamiya na buɗa baki. Gwaggo ta ce shekara ashirin ke nan ba su taɓa tsallake ta ba, ita ma ran Kirsimeti shinkafarta na shiga gidansu. Na ci, na koma na kwanta. Raina ya ɗan sosu, gaskiya. Na ratso dajin Zamfara da magana a bakina, an mai da ni jariri.

Sai da gari ya waye ta miƙo mini tsohon Littafinta Mai Tsarki, bangon ya sha ɗinki da zaren buhu. Ta ce idonta ya yi rauni, in karanta mata 1 Sarakuna sura 19. Na san wurin, na sha yin wa'azi a kansa. Annabi Iliya ne ya gudu daga sarauniya Yezebel, ya zauna gindin itace a jeji yana roƙon mutuwa. Ina cikin karatu ta tsayar da ni.

"Mi mala'ika ya hwara ce mai?"

Na ce, ya tashi ya ci.

"Sau nawa?"

Sau biyu. Gurasa da tulun ruwa, barci, sannan gurasa kuma. Ba faɗa, ba tambayar ina bangaskiyarsa ta tafi. Tambaya sai da ya kai dutsen Horeb bayan kwana 40. Duk wa'azin da na yi kan surar nan, kan ƙaramar muryar da Allah ya yi masa magana da ita a dutsen nake tsayawa, ban taɓa kula da abincin ba. Ina jin mu masu wa'azi mun fi son abin da ke da daɗin faɗa a kan bagade.

Da na kai inda Iliya ke cewa shi kaɗai ya rage, Allah kuma ya ce akwai 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba, sai ta yi dariya. "Shi ko ɗaya bai gani ba. Kai kana da shida kana kuka."

Na fito da takardar. Gumi ya jiƙa ta, tawada ta ɓata rabin layukan. Ba ta karɓa ba. Ta ce ba ita ta ɗauke ni aiki ba, kuma in na ga zama can zai kashe mini 'ya'ya, in kwashe su, gudun ceton rai ba zunubi ba ne. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne mutum ya yanke shawara da yunwa da rashin barci.

Kwana uku na yi. Na zaga ta wajen fadar Sarkin Musulmi da Hubbaren Shehu, na sayi albasa rabin buhu don matata kada in koma hannu rabbana. Juma'a ina tasha ana ɗaure kaya, waya ta yi ƙara. Tsohon da ke riƙe mabuɗin ɗakin sujada ne.

"Malam, jibi akwai sujada?"

Na taɓa aljihu, takardar na nan. Na ce, "Baba, a share ɗakin. In mun wuce Tsafe zan kira ka."