Kwandon da aka bar wa ƙofa

Asabar, Arizona.

Yau abokiyar karatuna ta kai ni wurin kakarta a yankin Navajo, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, can wajen Monument Valley, inda duwatsu jajaye suke tsaye kamar an dasa su. Mun tarar da tsohuwar a ƙarƙashin rumfa, ta jiƙa tsumagun wani itace da ake kira sumac a roba. Sai ta zaro ɗaya, ta kama bakinsa da haƙori, hannaye biyu suna ja, ya tsage gida uku har ƙarshe bai karye ba. Da waɗannan zaruruwan take ɗinke kwandon, tana huda da tsinke, tana naɗewa daga cibiya zuwa waje, irin yadda matanmu suke saƙa faifai da kaba.

Zanen ne ya tsayar da ni. Tsakiya fari, sai baƙaƙen tsaunuka masu hawa-hawa, sai jan zobe, sai wasu baƙaƙen kuma. Amma zoben bai haɗe ba, an bar wata siririyar hanya fara daga cibiya har baki. Na ce, "Iya, nan fa?" Jikar ta fassara mata. Ta yi dariya, ta ce ƙofa ce, kuma gabas take kallo, kamar ƙofar ɗakinsu na gargajiya. Ta kama yatsana ta bi da shi gefen kwandon, sai na ji wani ɗan tudu inda kitson bakin ya ƙare, daidai kan hanyar. Da shi mai maganin gargajiyarsu, wanda yake rera waƙoƙin warkarwa, yake gane gabas cikin dare ko ba fitila. A wasu bukukuwan kife kwandon ake yi a kaɗa shi a matsayin ganga. Ranar aure kuwa a ciki ake zuba tuwon masara, a barbaɗa garin furen masara, ango da amarya su ci da hannu, sannan dangi.

A hanyar dawowa abokiyar ta ba ni labarin yadda sana'ar ta kusa mutuwa. Sharuɗɗan da aka ɗora wa mai saƙa sun yi yawa, mata suka koma saƙar darduma mai kawo kuɗi, har ya zama maƙwabtansu Ute da Paiute ne suke yi musu kwandunan ibada su sayar musu. Mary Holiday Black ta Douglas Mesa a Utah tana cikin waɗanda suka farfaɗo da ita, ta koya wa 'ya'yanta, gwamnatin Amurka ta karrama ta a 1995.

Na ga wasu baƙi a wani shago suna taya kwando kamar za su sayi tabarma. Raina bai so ba. Tsohuwar nan ta yini zaune, zagaye kaɗan ta ƙara. Nawa kuɗin bai kai ba, don haka ban ma taya ba.