Tsofaffin gwangwanayen albarushi: inda aikina ya tsaya

'Yan'uwa masu koyon ɗura harsashi da hannu, barkanmu da war haka. Abin da ya ɗauke mini hankali a 'yan watannin nan shi ne wasu gwangwanayen albarushi da na saya a hannun iyalan wani dattijo ɗan ƙungiyarmu ta harbin allo a nan Amurka, bayan rasuwarsa. Yawancinsu an daina yin su. Akwai SR 4756, akwai AL-8 na kamfanin Alcan, akwai Winchester 571, ga wani tsohon gwangwanin 2400 mai ɗauke da sunan Hercules, sai kwalabe biyu da babu rubutun komai a jikinsu.

Ga masu karantawa daga gida: dokar tarayya a nan ta yarda mutum ya ɗura harsashin da zai harba da kansa, amma sayarwa sai da lasisi. A Najeriya ba haka abin yake ba, dokar makamai ta 1959 ta ɗaure riƙe harsashi da ƙera shi da izinin hukuma. Kuma albarushin da nake magana a kai ba baƙin nan ba ne na maharba. Wannan marar hayaƙi ne, irin wanda Paul Vieille ya fara haɗawa a Faransa a 1884, ƙarfinsa ya ninka na baƙin nesa ba kusa ba. Duk wanda ya zuba shi a bindigar toka, bututun ne zai tarwatse a hannunsa.

Kwalaben nan biyu ban ɓata lokaci a kansu ba. Wani abokina ya ce ƙwayoyin ɗayar sun yi kama da wani albarushi mai suna Unique, mu gwada kaɗan mu gani. Na ƙi. Ido ba ya tantance albarushi, iri biyu na iya zama tamkar tagwaye a tafin hannu alhali ɗaya ya fi ɗaya saurin ci ƙwarai, kuma ba wanda ya san ko marigayin ya juye ragowar gwangwanaye daban-daban a wuri guda. Na kira ofishin kashe gobara na garinmu, suka nuna mini inda ake karɓar irin wannan kaya, na kai.

Sauran kuwa sai da na bi su da hanci da ido. Asalin albarushi marar hayaƙi sinadarin naitiroselulos ne, wanda tun ranar da aka yi shi yake ruɓewa a hankali yana fitar da iska mai tsami. Masu yin sa kan saka wani sinadari, galibi difenilamin, da zai riƙa shanye tsamin. Ranar da wannan ya ƙare, ruɓewar sai ta ci gaba da ciyar da kanta, zafi kuma yana ƙara mata gudu, har ta kai tulin albarushi na iya kamawa da wuta ba wanda ya ƙyasta masa ashana. Lafiyayye yana da ɗan ƙamshin sinadarin ita (ether) ko barasar asibiti, wani ma ba ya warin komai. Wanda ya lalace yana sukar hanci, za ka ga jar ƙura kamar tsatsa idan ka zuba shi a farar takarda, cikin murfin gwangwanin ma ya ci tsatsa. Duk waɗanda suka rage sun tsallake wannan gwaji, don dattijon a ɗaki mai sanyi ya ajiye su, ba a garejin da rana ke gasawa ba. Shekaru kaɗai ba su kashe albarushi, ajiya ce ke kashe shi.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen alƙaluma, kuma a ganina nan ne haɗarin yake, ba a cikin gwangwanin ba. Albarushin da ake yi yau, kamfaninsa na gwada shi yana sabunta jadawalin nauyin da ya kamata a zuba. Wanda aka daina yi kuwa jadawalinsa ya daskare a ranar da aka rufe babinsa. Tare da kayan na samu littattafan ɗuri na shekarun 1960 da 1970, da na jera su kusa da jadawalin ƙarshe da kamfani ya fitar na SR 4756, sai na ga a harsashin libarba mai suna .38 Special wasu tsofaffin alƙaluman sun haura na baya-bayan nan da tazarar da ta sa na sake goge tabarau. Tsofaffin 'yan ƙungiya kan ce lauyoyi ne suka tsorata kamfanoni suka rage. Ban yarda da wannan ba. A wancan zamani ana auna matsi ne da ɗan guntun tagulla da iskar harbi ke matsewa, a auna yadda ya lotsa, abin da ake rubutawa CUP. Wasu masu littattafan ma ba su da ko wannan, kallon kwanso da firaima (ɗan maɓallin gindin kwanso da ke kunna albarushi) kawai suke yi su yanke hukunci. Da na'urar lantarki mai bin matsin daga farkon harbi zuwa ƙarshensa ta yaɗu, sai aka ga ƙololuwar da tagulla ba ta iya kamawa. Awon ne ya gyaru.

Ga dalilin da ya sa wannan ya fi tsanani a libarba. Ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926 don tsara ma'aunin masana'antar, ta sa iyakar matsin .38 Special a psi 17,000 (psi ma'aunin matsi ne), mai alamar +P, wato mai ƙarin matsi, a 20,000, .45 Colt a 14,000, .357 Magnum kuma a 35,000. Alamomin da ake koya mana na wuce gona da iri, wato firaima ta baje ko kwanso ya ƙi fita daga silinda (gidan harsasai mai juyawa na libarba), galibi ba sa bayyana sai matsi ya yi wa iyakar .38 Special fintinkau. Ma'ana kana iya wuce iyaka sosai kwanso yana fita sumul, kana ta murna, bindigar kuwa tana shan wahala a ɓoye. Shi ya sa na daina ɗaukar kyan kwanso a matsayin shaida.

Sannan ga girman kwanson kansa. An yi .38 Special ne a ƙarshen shekarun 1890 don baƙin albarushi, .45 Colt kuwa tun 1873, shi ya sa cikinsu ke da faɗi. Albarushin zamani mai saurin ci ɗan kaɗan yake kwanciya a ƙasa, har kwanso ya ɗauki zubi biyu bai cika ba, kuma zubi biyu shi ne abin da ya fi fasa silindar libarba a wannan sana'a. A nan SR 4756 ya burge ni, don yana da ƙumbo, yana cin wuri, zubi biyu ba ya ɓuya. Duk da haka ban saki al'adata ba: kowane kwanso sai na haska shi da tocila a kan allon jeri kafin in ɗora dalma, kuma gwangwani ɗaya tak ke hawa teburina a lokaci guda.

Ba zan rubuta nauyin da nake zubawa ba, kuma ina roƙon kada ku karɓi irin wannan lamba daga bakin kowa, ni ko wani. Da giren ake auna nauyin albarushi, kuma giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, 7,000 ne ke cika laba guda, saboda haka kuskuren rubutu ƙanƙani ya isa ya raba mutum da yatsunsa. Abin da na yi dai shi ne na ɗauki jadawali mafi sabunta, na fara daga nauyin farawa, na auna kowane zubi a sikeli, na harba a libarba Ruger GP100, wadda aka ƙera don .357 Magnum, domin in samu rata mai yawa tsakanina da iyaka. Na'urar auna gudun harsashi ce alƙalina. Gudun ya zo kusa da abin da littafi ya faɗa, wanda ke nuna albarushin bai sauya hali ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda gudun ke hawa da sauka dangane da ko na ɗaga bakin bindigar sama ko na sunkuyar da shi kafin harbi, saboda albarushin na gangarawa gaba ko baya a cikin kwanso. A kan allo a yadi 25 bambancin bai taka kara ya karya ba, don haka na tsaya nan, ban nemi ƙari ba.

Gwangwanin 2400 labarinsa daban ne, don shi ba a daina yin sa ba, mai shi ne ya sauya. Kamfanin Hercules ya samu ne a 1912 da kotu ta raba kamfanin DuPont, ya gaji albarushin Bullseye da na Unique, ya fito da 2400 a farkon shekarun 1930, albarushin da marubucin harkar bindiga Elmer Keith ya yi suna da shi a .44 Special kafin a haifi .44 Magnum. A 1995 sashen ya koma hannun Alliant. Suna ɗaya ne, amma masu sana'ar sun daɗe suna musu kan ko tsohon da sabon halinsu ɗaya. Ni dai na ɗauke shi tamkar baƙon da ban sani ba, daga ƙasa zan fara ranar da na zo kansa. Winchester 571 kuwa an san shi da HS-7 na kamfanin Hodgdon abu ɗaya ne, amma shi ma HS-7 ɗin an daina yin sa, saboda haka sanin bai ƙara mini komai ba sai tsohon jadawali na biyu da zan gwada da na farko.

AL-8 yana kan kanta, kuma ina jin can zai zauna. Duk alƙaluman da na samu nasa na zamanin tagulla ne, babu kamfanin da zan buga wa waya in tambaya.

Wani abu da sababbinmu ba sa lissafawa shi ne ƙarewa. Hodgdon, wanda ya sayi kamfanin IMR mai yin SR 4756 a 2003, ya dakatar da SR 4756 da SR 7625 da SR 4759 da PB wajajen 2014, kuma ba a sake yin su ba. Duk dalma da firaima da ka ƙona wajen gano ɗurin da ya dace da bindigarka, ranar da gwangwanin ya ƙare ilimin ya tashi a banza. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar bin kasuwannin bindiga yana farautar irin wannan albarushi da tsada, balle wanda aka riga aka buɗe. Idan ya faɗo hannunka a rufe, da sunansa, da jadawalinsa, ka ƙone shi a harbin allo mai sauƙi. Abin da ya rage mini na SR 4756 zai kai ni ƙarshen bazara, kuma tuni na sayo albarushin HP-38, wanda ake yi har yanzu, na buɗe masa sabon shafi a littafin ajiyar bayanaina.