Ƙwaryar Goggo da iyakar abin da take warkarwa

A gidanmu da ke Garwa ta ƙasar Kamaru akwai wata tsohuwar ƙwarya da Goggo, ƙanwar mahaifina, take rufewa da faifai ta tura ƙarƙashin gado. Wanda ya buɗe ta zai tarar da busasshiyar citta, da kanumfari a ƙulle cikin tsumma, da curin tsamiya, da 'yan kawunan tafarnuwa, da kwalbar zumar da ake kawo mata daga Ngaundal. Babu wanda yake ambaton asibiti a gidan sai an fara bi ta kan wannan ƙwarya. Da abin da ke cikinta aka raine ni, kuma har gobe ba na raina shi, sai dai na daɗe da lura cewa ba mu cika tambayar nawa za a sha ba, ballantana yaushe za a ajiye ƙwarya a nemi likita.

Lokacin hunturu, sa'ad da iska take kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe gari har rana ta koma kamar farin wata, tari da kaikayin maƙogwaro ba sa barin kowa. Goggo takan daka citta ta tafasa, ta bari ta huce, sannan ta matsa lemun tsami ta zuba zuma. A nan likitoci ba su saɓa mata ba, domin sun yarda cewa cokali ɗaya na zuma kafin kwanciya yana sassauta tarin yaro, citta kuma tana kwantar da tashin zuciya. Abin da na sha fama kafin ta karɓa shi ne cewa ba a lasa wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Ko da zumar ta fi kowace tsabta, takan ɗauki ƙwayar wata cuta wadda hanjin babba yake iya kashewa, amma a cikin jariri sai ta tsiro ta saki dafin da ke sassake jijiyoyi har numfashi ya gagara. Ta ce mini, "Ɗan nan, zumar da Allah Ya yaba a Littafinsa?" Na ce, "Goggo, ai nama ma halal ne, amma ba a ba wa mara haƙori." Ta yi dariya, kuma tun daga ranar ta daina.

Kanumfari ba ya bukatar dogon bayani. Man da ke cikinsa yana kashe zafin haƙori na ɗan lokaci, kuma masu aikin haƙori ma suna amfani da shi, amma ba ya cike ramin da ya riga ya buɗe. Tafarnuwa a cikin miya alheri ce, ɗanyarta kuwa idan aka daka aka ɗaure a kan fata tana ƙonawa kamar garwashi. Tsamiya tana sakin ciki a hankali, abin da duk mai shan kununta da azumi ya sani. Zoɓo, wanda a nan muka fi kira da sunansa na Fulatanci, folere, yana ɗan rage hawan jini, amma irin wanda ake sayarwa a ƙulle cikin leda a zafin Afrilu, sukarin da ke ciki ya isa ya rushe duk amfanin, kuma ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta.

Kanwa ce ta fi ba ni tsoro, saboda mun saba da ita har ba ma ganinta a matsayin magani. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka kuma danganta hakan da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da tafasasshen ruwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar mai jego kuma ba ta gama hutawa ba. Idan ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya sai ta jingina, wannan ba gajiyar haihuwa ba ce.

Maganin gida da na fi girmamawa ba ya ma cikin ƙwaryar, a kan kantar madafi yake: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, da rabin wannan cokalin na gishiri, kowanne a shafe ba mai tozo ba. Mai gudawa ba ƙwayar cutar ce take fara kashe shi ba, ƙarewar ruwan jiki ce, hanji kuwa yana jan gishiri da ruwa da sauri idan akwai sukari tare da su, shi ya sa ruwa zalla ba ya yin aikin da wannan haɗin yake yi. A shekarar 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, wani likitan Indiya mai suna Dilip Mahalanabis ya ga ruwan ƙari ya ƙare alhali kwalara tana ɗibar mutane, sai ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a cikin ganguna ana shayar da marasa lafiya, mace-macen suka ragu daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Mu da muka ga abin da kwalarar 2010 ta yi a yankin Marwa ba ma bukatar a yi mana wa'azi a kan wannan. Amma awon shi ne maganin. Gishiri ya yi yawa, yaro ya shiga haɗari. Sukari ya yi yawa, gudawar ta ƙaru. Idan ana samun ƙunshin da ake bayarwa a cibiyar lafiya, shi ya fi.

Inda na yi kuskure da kaina shi ne zazzaɓi. Wata damina ɗiyata ta kwana da zafin jiki, muka tsinko ganyen dalbejiya daga bishiyar ƙofar gida muka tafasa, aka yi mata surace, aka ɗura mata kaɗan tana kuka saboda ɗaci. Gumi ya karyo, muka ce sauƙi ya samu. Haka muka yi kwana uku, zazzaɓin yana tafiya yana dawowa, sai a dare na uku idanunta suka kafe, jikinta ya fara fizga. Na saɓa ta a kafaɗa, maƙwabci ya kai mu a kan babur. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗiga jinin yatsarta a kan ɗan allon gwaji ba ta ɗaga murya ba, tambaya ɗaya kawai ta yi: "Malam, tun yaushe?" Na kasa haɗa ido da ita.

Zazzaɓin cizon sauro ne, kuma abin da ya ba ni mamaki daga baya shi ne cewa allurar da ta ceto yarinyar daga ganye aka samo asalinta. Tushen allurar, wato sinadarin atemisinin, daga wani tsiro ne ɗan uwan tazargade, wanda masaniyar Sin Tu Youyou ta tace, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Kwinin ma daga ɓawon wata bishiyar Kudancin Amurka aka fitar da shi a 1820. Bambancinsu da tukunyarmu shi ne an san ƙarfin abin da ke cikin kowace ƙwaya, an kuma auna shi da nauyin mara lafiya.

Goggo ba ta ce komai ba da muka dawo gida. Washegari ta kira ni ta ce in rubuta mata awon gishiri da sukari da ajami, da manyan baƙaƙe. Takardar tana nan manne a cikin faifan ƙwaryar, kusa da wani ƙaramin cokali da ta hana kowa shan shayi da shi.