Wata hasumiya a bakin teku ta tuna mini da Gobarau

Assalamu alaikum 'yan uwana Katsinawa. Ina gaida iyayenmu da malamanmu, da fatan damina ta yi albarka.

Daga Plymouth nake rubuto muku, wani gari na bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, inda karatu ya kawo ni. Ranar Asabar na hau wata hasumiya, tun da na sauko kuma hasumiyarmu ta Gobarau ce a raina.

Hasumiyar fitila ce, irin wadda ake ginawa don ta haska wa jiragen ruwa da dare kada su afka wa duwatsu. Ana ce mata Hasumiyar Smeaton. Asalinta ba nan aka gina ta ba. Can cikin teku take, kimanin mil 14 daga gari, a kan duwatsun Eddystone da suka daɗe suna cinye jirage. Ta farko da aka kafa a wurin a 1698, guguwar 1703 ta share ta tare da maginin nata, Henry Winstanley, wanda ke ciki a daren. Ta biyu, ta katako, gobara ta cinye ta a 1755.

Sai John Smeaton ya zo da tasa dabarar. Ya kwaikwayi gindin babbar itaciya, faɗi a ƙasa, tana tsukewa tana hawa. Ya sa aka sassaƙa duwatsun kowanne na shigewa cikin ɗan uwansa kamar yatsun hannu biyu in an sarƙe su, ya kuma haɗa wata irin farar ƙasa mai daskarewa ko da a cikin ruwa. A 1759 aka kunna ta, da kyandir 24 kacal. Ta yi sama da shekara 100 tana aiki, ginin bai gaza ba. Dutsen da ke ƙarƙashinta ne ruwa ya rarake, har takan girgiza in igiyar ruwa ta buge ta. Aka gina sabuwa kusa da ita a 1882.

To a nan ne abin ya taɓa ni. Mutanen Plymouth suka ƙi yarda a yar da tsohuwar. Suka yi karo-karo, aka kwance samanta dutse bayan dutse, aka kwaso zuwa tudu, aka sake ɗorawa a wani fili na bakin teku da ake kira Hoe a 1884. Gindin ya gagari masu kwancewa, yana nan cikin teku har yau, in gari ya washe ana hango shi.

Tsawonta ƙafa 72, an shafe ta da fenti ja da fari layi-layi. Matakalai 93 ne zuwa sama, na ƙarshe ma tsani ne, ga matsi, dole na tattare bakin rigata. A hanya na ga ɗakin masu gadin fitilar: gado kamar kabad, an lanƙwasa shi ya bi zagayen bango, da ɗan murhu. A gabana wata tsohuwa ce ke tura jikanta yana ƙirga matakalan da ƙarfi. Da muka isa ɗakin gilashi na ƙoli, iska na kaɗawa, ta nuna masa teku tana ba shi labarin kamar na gidansu.

Gobarau fa ta girme ta da ɗaruruwan shekaru. Tun zamanin Muhammadu Korau ake danganta ta, da tubalin ƙasa aka yi ta, ta zama masallaci da wurin karatu da wurin hango maƙiya. Amma nawa ne cikinmu suka taɓa kama hannun yaro suka kai shi? Ni a cikin birni aka haife ni, sau ɗaya aka kai mu muna firamare, ban sake komawa ba, kuma yana damuna. Ganuwa kuwa, da idona na ga ana ɗibar ƙasarta ana yin gini, muna wucewa ba mai cewa uffan.

Roƙona ga masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa da maginanmu na gargajiya da suka san aikin makuba: a zauna a ga abin da za mu iya da aljihunmu kafin wata daminar. Mu da ke waje a sa mu cikin karo-karon. Wanda kuma ya samu zuwa Gobarau a makon nan, don Allah ya ƙirgo mini matakalanta.

Wassalam, ɗan uwanku a Plymouth.