Takardar da kamanda ya ƙi sa wa hannu

Shekaranjiya na dawo daga Umra, gajiya ba ta sake ni ba tukuna. Hanyar Tawa zuwa Yamai kun san ta: Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, zafi da gyangyaɗi.

Ranar tafiya, a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, na ba da akwati ke nan sai na ji ana kiran sunana. Ashe fawa bank ne na naɗe cikin harami. "Alhaji, batir irin wannan a hannu ake riƙe shi," in ji ma'aikaciyar. Kunya ta kama ni. Mu da a tasha ake ɗora albasar Galmi, rago da jarkar mai kan mota guda, ba mai cewa uffan!

Mun zauna cikin jirgi, shiru ba a rufe ƙofa ba. Wani mai riga ruwan ɗorawa ya shiga wajen kamanda, wato babban matuƙin jirgin, da takarda, ya fito fuska a murtuke. Na fara tsaki.

Dattijon da ke gefena, Badamagare, ya tsufa a aikin lodin jirage. Ya yafito mutumin suka yi ƙus-ƙus, sannan ya juyo.

"Ɗana, takardar nan NOTOC ake ce mata, wato sanarwa ga kamanda. Duk kayan haɗari da aka loda sai an rubuta wa kamanda lambarsu, ajinsu cikin aji 9, yawansu da inda aka ajiye su. Ya duba, ya sa hannu, kwafi ya zauna ƙasa."

"To Baba, yau me ya faru?"

Ya ce magunguna ne da busasshiyar ƙanƙara, mai lamba UN 1845. Takarda ta ce suna gaba, aka loda su baya, kamanda ya ce sai an gyara. Ƙanƙarar nan iska take zama, tana iya shaƙe dabba in an haɗa su. In kuma wuta ta tashi a sama, takardar zai karanta wa hasumiya, ƴan kwana-kwana su san abin da za su tarar. Ya ba ni labarin jirgin ValuJet da ya faɗi a Amurka a 1996 saboda injinan iskar shaƙa da aka loda ba bisa ƙa'ida ba, mutum 110 suka rasu. Tsakina ya koma ciki.

Minti arba'in muka ɓata. Baba ya ɓara goro ya ba ni rabi, gwamma shi da ruwan jaka guda da na saya a filin jirgi.

Jidda sai zafi da layi. Makka da Madina kuwa, Allah ya maimaita mana. Da za mu dawo, fawa bank a aljihu na sa shi.